Mai Faci, Uban Aro

Kullum sai ku ce wai tallafin karatu sai mai hanya, sai wanda ke da kawu a ofis. Ba ku san komai ba. A layin su Mai Faci yara goma sha bakwai sun shiga jami'a kyauta, kuma babu mai kawu ko ɗaya. Ɗaki suka ara, da mai ɗakin.

Mai Faci shekararsa talatin yana facin taya a bakin titi, da famfon iska da bahon ruwa baƙi ƙirin. Ɗakinsa ciki ɗaya ne. Kwanon rufin ya fi rariya huda, kujerar kuma ƙafa uku gare ta, bulo ne na huɗun. Ga shi Allah ya yi masa wata irin fuska, ko dariya yake sai ka ji kamar ka yi masa ta'aziyya.

Ofishin tallafi yana da doka: duk ɗalibin da ya ce shi talaka ne, ya kawo hotonsa a ɗakinsu tare da mahaifinsa. Telan layin ne ya fara kawo ɗansa wajen Mai Faci. Shi ma ba wani abu gare shi ba, amma ya yi kuskuren shafa wa ɗakinsa fenti, ga kuma tumbi da ya gada. Ya roƙi aron ɗaki na minti biyar. Da aka zo ɗaukar hoton, mai hoto ya dubi tumbin ya ce wannan ba zai wuce ba, a matsa gefe, mai gida ya tsaya. Mai Faci ya dafa kafaɗar ɗan tela. Bayan wata biyu yaro ya samu.

Shi ke nan, ƙofa ta buɗe. Mai kemis ya kawo 'yarsa, direban tanka ya kawo tagwaye. Mai Faci bai taɓa karɓar ko sisi ba, ya ce maƙwabci ai ba a sayar masa da gishiri. Sau ɗaya ya tara kuɗin sabon kwano, sai mutanen layi suka yi masa taron dangi, wai so yake ya toshe wa yara hanyar ilimi. Ya fasa. Matarsa ta ce ita dai ba ta taɓa ganin gidan da yoyo ya zama dukiyar al'umma ba.

'Yarsa ɗaya tak a duniya, amma Auta ake ce mata. Ta ci jarrabawa, ta samu gurbin karatun haɗa magunguna, aka ba ta mako uku ta biya ko a ba wani. Wannan karon Mai Faci ya tsaya a hoto da zuciya ɗaya, har ya sa rigarsa mai kyau, Auta ta ce ya cire.

Takarda ta dawo an ƙi. Ya ɗauki ƙafa har ofis, ya tarar da jami'in tallafi, wani siriri mai tabarau a kan hanci. Jami'in na ganinsa ya miƙe tsaye ya kama hannunsa da hannu biyu, ya kira abokan aiki su zo su ga mutumin nan ido da ido. Ashe sabuwar kwamfutarsu ta haɗa hotuna, ta gano fuska ɗaya a fayil goma sha takwas. Har sun manna shi a bango, a matsayin uba abin koyi.

"Baba, doka ta canja bana, gida ɗaya yara biyu," in ji jami'in. "Kai ka ci goma sha bakwai. Ka bar wa talakawa mana."

Mai Faci ya sassauta murya ya ce waɗancan duk na aro ne, wannan ce kaɗai tasa. Jami'in ya toshe kunnuwa da yatsu. Ya ce bai ji ba, don in ya ji dole ya rubuta, in ya rubuta kuwa yara goma sha bakwai za a koro gida, har da mai shirin zama likita. Mai Faci ya tuna ɗan tela, ya haɗiye maganarsa.

Ya koma layi nema wa 'yarsa uban aro. Tela ya ce da gudu zai tsaya, amma tumbin na nan, har ya ƙaru. Mai kemis ya gwada fuskar tausayi a madubi, ta fito kamar mai ciwon haƙori. Ɗakin ma kwamfuta ta haddace shi har bulon kujera.

Da ya sake komawa ofis tare da Auta, jami'in ya ce saura kason marayu, takardar shaidar rasuwar uba kawai ake bukata. Mai Faci ya ɗauki biro, ya tambaya ko ana cike ta a nan. Auta ta fizge biron daga hannunsa.

"Baba, ka haifi 'ya'yan mutane a takarda, ni kuma ka mutu mini a takarda? Tashi mu tafi."

Suna bakin ƙofa jami'in ya tuna akwai bashin karatu, sai dai ana son mai tsaya wa ɗalibi, babban mutum wanda aka san zai iya biya. Mai Faci ya ce to nan kam ya fita. Jami'in ya yi dariya ya nuna bango: mutumin da ke da 'ya'ya goma sha bakwai a jami'a, wa ya fi shi ƙarfi a garin nan? Nan take aka buga hatimi.

Auta ta shiga aji ana saura kwana biyu wa'adi ya cika. A cikin su goma sha takwas, ita kaɗai ce za ta biya, da ruwa a kai.

To ku da kuka yi karatu da fuskar wani, na san kuna karantawa. Kada wanda ya danna alamar dariya ya wuce. Ku fito ƙasan nan ku faɗi wanda ya tsaya muku, ku kuma faɗi abin da za ku yi wa 'yarsa.