Layi Ukun da Na Yanke

Har yau ban manta da Asabar ɗin da maigidana ya sa na cusa hannu a bakin bijimi ba, ina sanye da kwat da farar riga. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya gara ku ji labarin daga bakina, don idan wani ya ba ku sai ya ƙara masa gishiri.

Lokacin kuɗin mai ya fara shigowa, ba a daɗe da canja fam zuwa naira ba. Ni ne akawun Lauya Sale, mutumin ƙasar Kazaure, wanda ofishinsa ke Kano. Aikinsa ɗaukaka ƙara ne kawai. A wancan zamanin lauya ba ya tsayawa gaban alƙalin ƙauye. Sai an yanke hukunci, wanda bai gamsu ba ya kawo kukansa babbar kotu, sannan mu shigo. A can kuwa ba a sake kiran shaidu. Abin da magatakardan kotun farko ya rubuta shi kaɗai za a duba. Nawa aikin shi ne in karɓi kwafin shari'a da aka rubuta da hannu da Hausa, in mayar da shi Turanci, in buga da keken rubutu.

Lauya Sale ya yi karatu a Ingila, ya fi shekara ashirin yana wannan aiki, kuma idan ya miƙe a kotu har masinja sai ya nutsu. Aibinsa ɗaya a idona: shanu. Yana da garke a bayan duwatsun Kazaure, kuma da an sauko masallacin Juma'a sai ya kama hanya. Ran Litinin ya dawo mana motarsa na warin turke. Ni da nake ganin kaina ɗan birni, abin yana ba ni kunya.

Wata rana dangin wani makiyayi, Malam Buba, suka zo daga wajen Gwiwa. Wata ƙaramar kotu, ba sai na faɗi wacce ba, ta ɗaure shi shekara biyu bisa satar bijimi. Mai ƙarar wani manomi ne da ya ce an sace masa bijimin huɗa damina biyar da suka wuce, sai ga shi ya gan shi cikin shanun Buba. Ya kawo shaidu biyu da suka ce sun gane tsagar kunnen. Muka shigar da takardar ɗaukaka ƙara kafin wa'adi ya cika, kwafin ya iso, na zauna na fassara.

Magatakardan can mutum ne mai rubuta komai, saura kaɗan ya rubuta tarin alƙali. A shafi na huɗu ya sa cewa wanda ake tuhuma ya roƙi a duba bakin bijimin, masinja ya buɗe, ya ce manyan haƙora biyu ne kawai a gaba, sauran ƙanana. Na yi dariya ni kaɗai. Na ce yaya za a kai wa manyan alƙalai maganar haƙoran dabba da Turanci? Na tsallake layi ukun nan, shafina ya fito tsaf.

Maigida ya karanta abin da na buga, ya ga shaidu biyu ga mai ƙara, ga Buba babu ko ɗaya, sai ya ajiye fayil ɗin cikin waɗanda ba a gaggawarsu. Ya yi mako uku a wurin. Ran wata Alhamis ya sake ɗauko shi, ya daɗe yana dubawa, sannan ya kira ni.

"Malam Isa, wannan Buban makiyayi ne kuwa?"

"Makiyayi ne, ranka ya daɗe."

"To ban taɓa ganin makiyayin da za a ce ya saci bijimi shekara biyar baya, ya tsaya bai ce a duba haƙori ba. Kawo mini na Hausar."

Na kawo masa. Ya karanta shafi na huɗu sau biyu. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Murmushi kawai ya yi, ya ce jibi in raka shi Kazaure akwai muhimmin aiki, in sa kayana masu kyau.

Na ɗauka wurin manya za mu. Sai ga mu a garke. Ya sa masu kiwonsa suka riƙe mini bijimai ɗaya bayan ɗaya, ya ce in buɗe baki in ƙidaya. Shi yana zaune kan tabarma yana shan nono, yana koya mini cewa mai manyan haƙora biyu bai wuce shekara biyu zuwa uku ba, wanda kuwa ya isa jan garma shekara biyar baya, yanzu bakinsa ya cika har haƙoran sun fara cinyewa. Bijimi na huɗu ya yi mini atishawa a ƙirji. Masu kiwon suka juya baya wai don kada in ga suna dariya, amma kafaɗunsu sun tona musu asiri.

"Malam Isa," in ji shi, "yanzu za ka iya fassara layi ukun?"

Na ce zan iya.

Ranar sauraro alƙalai uku ne suka zauna, biyu masu hular gashi, ɗaya mai rawani daga kotun shari'ar Musulunci, kamar yadda aka saba idan ƙara ta fito daga kotun alƙali. Dalili ɗaya tak Maigida ya gabatar: kotun farko ta ga hujja da idonta, ta rubuta, amma ba ta auna ta ba. Lauyan gwamnati, wani matashi mai daɗin Turanci, ya miƙe ya ce abokin aikinsa yana son mayar da kotu asibitin haƙori. Maigida ya rusuna cikin ladabi, ya ce shi roƙonsa kawai abokin nasa ya bayyana wa kotu yadda aka sace bijimi shekara biyu kafin a haife shi. Alƙali mai rawani ya ja gefen rawaninsa ya rufe baki. Suka yi ɗan ƙus-ƙus a tsakaninsu, aka soke hukuncin.

Bayan kwana biyu Malam Buba ya zo ofis godiya. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Bijimin ma bai same shi ba, don manomin ya riga ya sayar. Ya durƙusa zai gode wa Maigida, sai Maigida ya nuna ni, fuskarsa babu alamar wasa.

"Ga wanda ya buga takardunka nan."

Mutumin ya kama hannuna da hannu biyu. "Malam, Allah ya saka maka da alheri. Allah ya sa 'ya'yanka su yi maka abin da ka yi mini."

Na ce amin da ƙyar. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, don ni kaɗai da Maigida muka san cewa mako uku na zamansa a kurkuku aikin hannuna ne.

Abin da na koya shi ne, a wannan sana'a mutumin da ake magana a kansa ba ya cikin ɗakin. Takarda ce take tsaya masa, kuma mai bugawa ba shi da ikon zaɓar abin da ya isa a ji. Na ƙara shekara goma sha ɗaya a ofishin nan, ban sake yanke wa kowa magana ba, ko da tari magatakarda ya rubuta.