Abin da Fahim ya faɗa mini a mota

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar Fahim, kuma har yau in danja ta tsayar da ni a unguwar Shumaisi sai idona ya kai kan madubi, ina duba kujerar baya. Ni ne direban gidansu. Mahaifinsa likita ne ɗan Indiya, shi ne kafilina, wato uban gidan da ya tsaya mini, a nan Riyad. Yaron yana da shekara tara na fara kai shi makaranta, yana da sha shida Allah ya karɓi abinsa.

Shaɗaranji yake bugawa, darar nan mai sarki da doki da giwa. Ni da nake ji da kaina a darar gida, na ce ya koya mini. Kwana uku yana fama da ni. A na huɗu ya juya wa allon baya, yana faɗa mini inda zan matsa masa 'ya'yansa, ya cinye ni tas bai ko waiwayo ba. Daga nan na kama girmana. Kafin ya kai sha biyu ya gama da manyan garin nan, aka fara hawa jirgi da shi. Kofuna suka cika falo har uwarsa ta rasa inda za ta jera farantanta.

Mu direbobin gida muna da ƙa'ida. Satin da na sauka, dattawanmu na unguwar Jaradiya suka zaunar da ni: abin da ka ji a mota, ka bar shi a mota. Kada ka kai maganar mata wurin miji, ko ta ɗa wurin uba. Da wannan ake riƙe aiki da iƙama, takardar izinin zama, da mutunci. Na riƙe ta gam, har ina alfahari.

Wata rana da la'asar na ɗauko shi daga wasan da ya ci awa biyar. Sai na gan shi a madubi ya dafe ƙirji, gumi na zuba duk da sanyin motar. Ammu yake ce mini, wato baffa da Larabci.

"Ammu Isa, zuciyata sai ta yi gudu, ta tsaya, ta ci gaba. Kada ka faɗa wa Baba."

Na ce, "Haba ɗana, babanka fa likita ne."

Ya ce, "Shi ya sa. Zai hana ni zuwa gasa."

Sau uku hakan ta faru a gabana, sau uku ina ja bakina. Bayan wata biyu ya faɗi a gaban allo a wata gasa a ƙasarsu, bai tashi ba. Na san kwana ne ya ƙare. Amma ranar da likitan ya dawo ya rungume ni yana kuka, yana cewa da ma ya ga alama ko ɗaya, ban iya buɗe baki ba. Har suka tattara suka koma gida ban faɗa ba.

Da Fahim zai leƙo yau, da ya ga yara suna buga wasansa a waya da mutanen da ba su taɓa gani ba, kuma na tabbata dariya zai yi ya nemi a ba shi wayar. Abin da ban sani ba shi ne me zai ce game da Hafsa, 'yata. Uwarsa ta bar mini allonsa, kuma a kansa yarinyar ta koya. Shekararta sha biyu, ta riga ta fi malaminta. Tana ƙin abinci kafin wasa, yadda Fahim yake yi. In na tambaye ta lafiya, sai ta amsa da Larabcin nan nata da ya fi Hausarta gudu: "Ma fi shai, Baba." Babu komai ke nan. Wallahi tsoro nake ji.

Makarantarsu za ta kai su gasa Dammam. Direban motar Malam Habu ne, mutumin Damagaram. Na bi shi har kasuwar Aziziya na roƙe shi, duk abin da ya ji daga bakinta a hanya ya faɗa mini.

Ya dube ni sama da ƙasa. "Haba Malam Isa, kai da ka riga ni shiga aikin nan?"

A nan, tsakanin kwalayen tumatir, na ba shi labarin da ban taɓa ba kowa ba. Da na gama, ya ce zai sa ido. Bai ce zai faɗa mini ba.

Kofunan Fahim suna can Indiya. Abin da ya bar mini shi ne allo ɗaya da idon da ba ya barin madubi. Allah ya jiƙansa, ya yafe mini shirun da na yi. Ranar Alhamis motar za ta tashi, kuma Hafsa ta ce kujerar baya take so.