Iccen da Na Nuna Masa

Taubashina, ɗan gwaggona ta Dumega, shi ya ja ni Faransa. Wanke-wanke muke yi a wani otel da ke kan duwatsu, inda Turawa ke zuwa sulu a kan dusar ƙanƙara, wasan da suke kira siki. Ni dai ban ga hankali a ciki ba, a ce mutum da gemunsa ya ɗaura katako biyu a ƙafa ya saki kansa a gangara. Shi kuwa idon sha'awa gare shi. Cikin shekara biyu ya gwanance, har ya raina hanyoyin da inji ke sharewa, sai kurmin da ke bayan otel, inda ake kutsawa tsakanin itatuwa. Ba wanda ya koya masa, da kallo ya iya.

Wata ranar hutu ya matsa mini. "Bawana, tashi mu tai. Tsoro ya hana ka girma."

"Wa ab bawan wani?" na ce. Amma na bi shi, don ba na son ya kai labarina gida.

Na sha faɗuwa a kurmin nan, yana gaba yana dariya. Can katakona ɗaya ya kwance ya nutse. Na ɗaga murya na nuna masa wani babban icce da ke ƙasa da mu, na ce, "Jira ni gindin wancan!" Ya ɗaga sandar da ake dogarawa a wasan, ya nufi can.

Haka muke yi a Arewa. In za ka jira mutum, gindin gawo ko aduwa za ka nema, ba a tsayawa a fili. Ban san itatuwan can ba irin namu ba ne. Rassansu na ƙasa kan tare dusar, sai a bar rami kewaye da gindin, zurfinsa ya fi tsayin mutum, bakinsa kuma a lulluɓe. Wanda ya matsa kusa sai ya rufta, dusar ta bi shi ta rufe.

Na daɗe ina tono kafin in sami katakon. Da na iso wurin iccen ban ga kowa ba. Na kira sau biyu, shiru. Na ce lalle tsiyar taubasantaka ce, ya gudu ya bar ni. Na zage shi da ƙarfi, na lallaɓa na sauka otel ina huci, na haɗa shayi na sha. Wannan shayin har yau ban yafe wa kaina shi ba.

Sai da la'asar ta yi hankalina ya tashi. Masu ceto suka hau da kare, na kai su inda muka rabu. Karen bai yi wata wahala ba. A gindin iccen suka tono shi, kai ƙasa, ƙafafu sama. Inda na tsaya ina zaginsa bai fi taku biyar daga wurin ba.

Can aka yi masa sutura. Bayan wata uku na kawo jakarsa Dumega. Gwaggo na zaune tana murzar gero a hannu, ta rame ƙwarai. Ba ta buɗe jakar ba, tambaya ɗaya ta yi mini.

"Ɗana, ina Allah yak karɓe shi? Bisa hanya?"

"A'a, Gwaggo. Gindin icce."

Ta yi ajiyar zuciya. "Alhamdu lillahi. Ashe cikin inuwa yac cika. Kai kak kai shi?"

"Ni nan nuna mishi wurin."

"Allah shi yi maka albarka," ta ce, ta shafa kaina. Na sunkuya na ce amin.