Fadamar Bayan Gidanmu

Iya, wadda ta haifi babanmu, ba ta yin tatsuniya sai an gama wanke-wanke. Muna idar da sallar isha'i sai mu kewaye murhu a tsakar gidanmu na Wudil, tana gasa mana dankali a rushi. Bayan katangarmu fadama ce, ciyawar kacala da bado cunkus, ga kukan kwaɗi har ba ka jin na kusa da kai. Duk ruwan kwatar unguwa, har da baƙin ruwan marina, nan yake gangarawa. Amma rijiyarmu da ke ƙasan fadamar garau take, daga nesa ma ake zuwa ɗiba.

Ni ne sarkin tambaya. Wata rana na ce, "Iya, wai ina dauɗar take zuwa?"

"Ji min maigidan nan nawa! Cefane bai kawo ba, sai tambaya. To kama bakinka, ga ta nan tafe."

Ta ce wai Ruwa ne ya taso daga cikin gari zai je gai da Kogi. Ya bi kwata, ya bi marina, ya bi mahauta, ya zama baƙi ƙirin yana wari. A hanya ya faɗa gidan wata tsohuwa mai suna Fadama. Ta ce ya zauna ya huta, ya ce shi sauri yake yi. Sai ta sa 'ya'yanta suka tare ƙofa. Ya yi gabas, kacala ta riƙe masa ƙafa. Ya yi yamma, saiwoyi suka sarƙe shi. Ya yi kuka, ya yi zagi, har ya gaji ya kwanta. Yana kwanciya laka ta sauka daga jikinsa, saiwoyi suka tsotse dauɗar, rana ta ƙone abin da ya rage. Sai da ya kwana bakwai ta buɗe masa ƙofar baya. Da ya isa, Kogi ya ce, "Wannan ɗan gidan wa ne fes haka?"

Ni dai haushin tsohuwar ya kama ni. "Iya, ai zalunci ne, ta kulle shi!"

"Yo da ba ta kulle shi ba, kai za ka sha shi?" Ta danna mini dankali mai zafi a hannu.

Allah ya jiƙan Iya. Yau direban tifa ne ni, yashi da jar ƙasa nake ɗauka. Da gari ya buɗe, ɗaliban jami'a suka yi yawa, aka yayyanka fadamar fuloti-fuloti, kuma wallahi rabin cikon da motar da nake ja aka yi shi. Har murna muke, wai mun kori sauro. Aka ja wa ruwan lambatu na siminti miƙaƙƙe don ya wuce da sauri. Ya kuwa wuce, da dauɗarsa a jikinsa, in ya tumbatsa ya shigo mana tsakar gida. Da damina rijiyarmu wari take yi. Bara 'yata Hafsatu kwananta biyar a asibiti da amai da gudawa, na zaci ba za ta tashi ba.

Sai a bakin gadonta na gane abin da Iya ke nufi: ruwa ba ya wankuwa sai an tsayar da shi, mu kuwa mai tsayar da shin muka binne.

Yanzu saura ɗan tsirin kacala guda tsakanin lambatun da rijiyarmu. Albarkacinsa ruwan ke shawuwa da rani. Makon jiya Alhaji, mai motar da nake ja, ya saye shi.

"Malam Sani, ga aiki a bayan gidanka, ba sai ka ƙona mai ba."

"Alhaji, rijiyarmu fa..."

"Haba, wa ke shan rijiya yanzu? Ba ga 'yan garuwa ba?"

In na ƙi, makulli zai karɓa ya ba wani, ƙasar kuma a zuba ta duk da haka. In na tashi, ina zan kai iyali? Gidan gado ne, babu wani. Raina a ƙuntace yake.

Ɗazu da la'asar ina tsaye a bakin rijiyar Hafsatu ta zo ta kama hannuna, tana ta tsalle.

"Baba, an ce gobe a nan za ka juye ƙasa. Za ka ɗora ni a gaban mota in gani?"

Na ce mata to.