Ruwan Alwala a Barandar Ofis

Shekara goma sha ɗaya na yi ina sharar wani ofishi a Dutse kafin a sa masa tayil, kuma a tsawon shekarun nan ko akuya ba ta taɓa zamewa a barandata ba. Siminti ne mai kaushi, in an zuba masa ruwa sai ya shanye. Da aka zo gyara sai aka shimfiɗa wani farin tayil mai sheƙi, har mutum yana ganin fuskarsa a ciki. Kowa ya yaba. Ni da na taka shi da silifas, cewa na yi Allah ya kyauta.

Ba a rufa wata biyu ba Baba masinja ya faɗi. Dattijo ne da ya kusa fansho, shi ke kai takardu daga wannan ofis zuwa wancan. Ranar bayan azahar yana rungume da fayil, santsi ya kwashe shi, ƙugunsa ya bugi bakin matakala. Yana salati aka sa shi a mota.

Washegari aka miƙo mini takardar tuhuma da sa hannun Yallabai, shugaban ofis. Maƙwabciyata a Limawa, malamar makaranta, ita ta karanta mini: wai na bar ruwan guga a baranda, in kare kaina cikin kwana uku ko a sallame ni. Aikin nan kuwa shi ne tuwona da na marayun da maigidana ya bar mini.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni da nake guga tun da sanyin safiya, ruwana ne zai kai azahar a zafin ranar Dutse? Na san ruwan da ya kayar da Baba. Da an kira salla mazan ofis suke fitowa da butocinsu, su jeru a bakin baranda saboda inuwa, su yi alwala. A da siminti na shanyewa. Yanzu kuwa ruwan gangarowa yake yi ciki, ya kwanta a farin tayil, ido ba ya ganinsa. To amma wace ce ni da zan ce ruwan alwalar manya ne ya karya mutum? Kafin la'asar gari zai ɗauka cewa mai shara ta hana alwala.

Rana ta uku aka kira ni gaban Yallabai da wasu manya biyu, wajen sha biyu. Na durƙusa na gaishe su.

"Ranka ya daɗe, ni ban iya rubutu ba," na ce. "Alfarma ɗaya nake roƙo. A fito a taka barandar nan yanzu, sannan a bar maganata sai an kira azahar."

Ɗayansu ya yi dariya, ya ce, "Iya, shari'a za ki yi da mu?" Amma Yallabai ya tashi ya fita, ya goga takalminsa a tayil. A bushe yake ƙayau.

Da ladan ya kira, na tsaya jikin ginshiƙi da tsintsiyata. Suka fito suka jeru kamar kullum. Yallabai ne na ƙarshe, ya naɗe hannun riga, ya yi alwalarsa a tsanake. Sai da ya miƙe na ce, "Yallabai, kafin ka taka, dubi bayanka."

Ruwan ya riga ya malalo har bakin matakala, daidai inda Baba ya faɗi, nasa a ciki. Ya sa bakin takalmi ya gwada, ƙafar ta tafi, sai da ya dafa bango. Sai ya wuce masallaci. A raina na ce shi ke nan, na kunyata babba a gaban mutanensa, gobe sai tallan ƙosai.

Da aka idar ya dawo inda nake, a gaban kowa ya ce, "Iya, laifi tudu ne. Ina kike so mu koma da alwalar?"

Na nuna gindin wata darbejiya da ke harabar ofis, na ce a zuba tsakuwa a jera bulo na zama. Da hannuna na kwashe butocin nan na kai can. Aka janye takarda. Tun daga ranar duk wanda na gani da buta a baranda, ko rawaninsa ya kai tukunya, sai ya sha bakina. Har na bar aikin ba wanda ya sake faɗuwa a wurin, kuma ina alfahari da haka.

Baba kam bai koma aiki ba. Bayan watanni ya zo karɓar takardun fanshonsa yana dogara sanda. Da ya iso bakin baranda sai ya ja ya tsaya.

Na ce, "Taka, Baba, a bushe yake."

Ya ce, "Tunda ke kika faɗa." Ya hau, bai ko dubi ƙasa ba.