Gammon Kaka Saratu

Tun ina saurayi burina in tafi makarantar fastoci. Ina cikin shiri sai ɓarin jikin Baba ya shanye, ni kaɗai ne namiji a gida, na kwance kayana. Yau shekaru ke nan ina juya shi a kan tabarma a gidanmu na Gumel, ina masa wanka, ina ba shi kunu da cokali. Duk ranar da zuciyata ta yi ƙunci, Kaka Saratu nake tunawa.

A wani ƙauye kusa da Gagarawa ta raine mu, inda gidajen Kirista ba su da yawa, rijiya kuwa da nisa ga zurfi. Lokacin sanyi, da an gama cin tuwo sai ta hura wutar kara a tsakar gida, ta zuba gyaɗa cikin toka. 'Ya'yan maƙwabtanmu Musulmi ma sukan zo, mu matsu wuri ɗaya. Ni take fara tsokana.

"Maigida, matso mana! Wannan miji nawa, ko itace bai iya kawowa ba, sai cin gyaɗa." Sannan ta gyara zama. "Ga ta nan tafe, wa zai tare ta?"

"Mu ne!"

Wai wata mata ce ta raba tsohon zanenta biyu, rabi ta yi kallabi, rabi ta naɗe gammo. Kallabi shi ke zuwa biki da kasuwar Maigatari, kowa na yaba shi. Gammo kuwa kullum yana ƙarƙashin tulu, ga nauyi ga gumi, in an dawo a jefa shi kan danga. Ran nan ya ce ya gaji, ya gangara bayan rumbu ya ɓuya. Matar ta nema ta rasa, ta ɗauki tulu a kan tsurar kai. Tana tsakiyar hanya tulu ya zame, ya fashe. Ranar gidan ba ruwa, jaririnta ya kwana yana kuka. Gammo na bayan rumbu yana ji. Kafin gari ya waye ya mirgino bakin ƙofa.

Na ce, "Kaka, ta gode masa?"

"Ina! Karkaɗe shi ta yi, ta ari tulu ta ɗora. Ruwa dai ya iso gida." Ta ɓare gyaɗa ta sa mini a hannu. "Ubangijinmu Yesu ma durƙusawa ya yi ya wanke ƙafafun mabiyansa, har da wanda zai bashe shi ga maƙiya. Ku tashi mu yi addu'a, tatsuniya ta ƙare."

A lokacin haushi labarin ya ba ni. Ni so nake a naɗa gammo sarki.

Bara abokina na ƙuruciya, wanda muka yi shirin tafiya tare, ya zo majami'armu wa'azi, ya zama fasto. Malam Sani maƙwabcinmu ya zauna da Baba don in samu zuwa. Na ji daɗin wa'azin, amma ba zan ɓoye ba, na yi kishi. A hanyar gida nake tambayar Allah ko wannan zaman nawa yana cikin hidimarsa, ko kuwa kiran ya wuce ni. Kaka ba ta taɓa hawa bagade ta yi wa'azi ba, ruwa ta yi ta ɗebo wa mutane har bayanta ya ranƙwafa, kuma ban san wanda ya fi ta sanin Allah ba.

Da yamma na gama yi wa Baba wanka, ina goge masa baya, sai ya yi ta kokawa da harshensa har maganar ta fito.

"Ishaku... ka tafi. Na tsare ka."

Hawaye na bin gefen fuskarsa da ba ya motsi. Ashe duk shekarun nan yana sane, yana ɗauke da abin shi kaɗai. Na duba cikin zuciyata, na tarar ba na son zuwa ko'ina.

Na ce, "Baba, ɗaga hannu in sa maka riga."

Ya ɗaga mai lafiyar. Ɗayan ni na ɗaga masa.