An-ce Ya Yi Bincike da Aska

Ƙanena mai aski ne. Sunansa na yanka yana nan a katinsa, amma in ka shigo layinmu ka neme shi da wannan sunan, ba wanda zai gane wa kake nufi. An-ce ake ce masa. Tun yana ƙarami haka bakinsa yake. Mahaifiyarmu za ta aike shi sayen ashana, ya dawo ba ashana sai labari: an ce mai shagon zai tashi, an ce ashanar yanzu ba ta kamawa. In ta tambaye shi wa ya ce, sai ya ɗaga kafaɗa. Da ya girma Allah ya haɗa shi da sana'ar da ta dace da shi, wadda mutum zai zauna a gabanka, ka ɗaure masa ƙyalle a wuya, ba shi da hanyar gudu sai ka gama.

Shagonsa ɗan ƙarami ne a bakin titi. Akwai kujera mai juyawa wadda ta daina juyawa hagu, da madubi da ya tsage a kusurwa, da bencin masu jira, da wani katako a bango inda yake jera kilifa, almakashi, aska, burushi da gwangwanin hoda. A ƙarshen bencin nan nake wuni tun da na ajiye aiki. Kaina ya daɗe da sallamar gashi, saboda haka ba aski ke kai ni ba, inuwa ce da iskar fanka.

Maƙwabcinsa Tela ne. Lokaci guda suka kama shago, tare suka yi furfura. Tela ba ya son surutu, kullum akwai allura a gefen bakinsa da tef a wuyansa. An-ce ke yi masa aski, shi kuma ya ɗinke masa ƙyallayen aski in sun yage. Gaisuwarsu ta safe kuwa faɗa ce.

"Kai, Gidan Rediyo, a rage murya mana, ina awon mutum."

"Mai allura, ai taimakonka nake. In ba ni ba, yaushe za ka san duniya ta waye?"

"Tun da muke ban taɓa gaskata kalma ɗaya daga bakinka ba."

Daga nan sai a kawo shayi su sha a ƙofar shago, kowa yana kallon wani gefe.

Da zaɓen shugaban ƙasa ya matso, 'yan takara biyu ne a gaba. Mu dai Dogo muke ce wa ɗaya, ɗayan kuma Mai Tabarau. Tela mutumin Mai Tabarau ne tun ba yau ba. Hotonsa na manne a saman keken ɗinkinsa har rana ta cinye launin. An-ce ba shi da ɗan takara. Duk wanda labarinsa ya fi zafi a ranar, shi ne nasa.

Ana saura 'yan kwanaki a jefa ƙuri'a, wani saƙon murya ya shigo wayarsa. Muryar Mai Tabarau ce sak, har da ɗan gyaran muryar nan da yake yi kafin ya fara magana. Wai a wani taron sirri ne, yana cewa da zarar ya hau, duk wani shago da ke bakin titi sai an rushe shi, don gari ya yi kyan gani. An-ce ya tsaya da kilifa a hannu, ya bar rabin kan wani yana jira.

"Yaya, ka ji? Yau ba an ce ba ne. Shi ya ce, da bakinsa!"

Ban taɓa ganin farin ciki irin wannan a fuskarsa ba. Karo na farko ke nan a rayuwarsa da ya samu wanda ya ce. Ya jona wayar da lasifikar da yake sa kiɗa, ya mayar da saƙon kamar maganin safe da yamma. Duk wanda ya zauna a kujerar nan sai ya sha, wani har sau biyu in gashinsa na da yawa.

Aka yi zaɓe, Dogo ya ci da ɗan rinjaye kaɗan. An-ce ya shiga taƙama. Yana bubbuga bayan kujerarsa yana ce wa mutane, "Ku zauna da ladabi, daga nan aka naɗa shugaban ƙasa."

Taƙamar ba ta daɗe ba. Wata safiya muka ji a rediyo cewa kwamitin da ya yi bincike ya gano muryar ba ta Mai Tabarau ba ce. Na'ura ce ta kwaikwaye shi. Wasu mutane ne a wata ƙasa mai nisa suka haɗa ta, suka riƙa turawa wayoyin jama'a. Aka gayyato masana a shirin, ɗaya ya ce wannan saƙo shi ya juya zaɓen, ɗayan ya ce ko kusa, mutane sun riga sun yanke shawara tun kafin ya fito. Suka yi ta musu har lokacin shirin ya ƙare. Waɗanda suka faɗi kuma suka nufi kotu.

Tela ya leƙo ta ƙofa, ya zare allurar daga bakinsa, abin da ba ya yi sai magana ta yi nauyi.

"Kai da 'yan ƙasar wajenka kun kyauta."

"Ni? Ni da ko filin jirgi ban taɓa takawa ba?"

Tela ya koma shagonsa. Daga ranar ba gaisuwa, ba faɗa, ba shayi. Ya daina zuwa aski. Gashinsa ya tashi fari kamar auduga ta fashe daga matashi, har hularsa ta koma zama a sama tana lilo. An-ce yana kallonsa in ya wuce, yatsunsa na motsi su kaɗai. Duk wannan da sauƙi. Ranar da muka ga an fara shigar da kwalaye shagon Tela, aka kuma ce ya samu wani wuri can ƙarshen gari, ranar ce na ga ƙanena ya ajiye kilifa ya zauna a kujerar kwastoma.

"Yaya, tashi zai yi fa."

"Haka na gani."

"Zan yi bincike na kaina. Zan tambayi duk wanda na sa wa saƙon nan. In ba wanda ya canja ƙuri'arsa, ai ka ga ba ni da laifi, sai ya sauke kwalayensa."

Na ce to.

Sai dai shi mai aski yana da lokacin da yake yin tambaya mai muhimmanci. Ba ya yi yana kan ƙeya, don kilifa na ƙara. Sai ya shafa kumfa, ya tura haɓar mutum sama da ɗan yatsa, ya ɗora aska a maƙogwaro, wurin ya yi tsit, sannan bakinsa ke buɗewa. Haka ya saba tun yana koyo, bai kuma ga abin da zai sa ya canja ba.

Wani direban babbar mota aka fara da shi.

"Direba, ka ji tsoron Allah ka gaya mini gaskiya. Saƙon nan da na sa maka, shi ya sa ka zaɓi wanda ka zaɓa?"

Direba ya juyo da ƙwayar idonsa kawai, ya kalli askar.

"Wanne kake so ya zama, maigida?"

"Gaskiya nake so."

"To ita ce."

"Ita ce me?"

"Duk wadda ka faɗa."

Haka aka yi ta yi. In An-ce ya ɗaure fuska, a ce masa ƙwarai, saƙonka ne. In ya yi kamar zai yi kuka, a ce haba, wane saƙo. Wani mahauci, ƙato guda, ya ba shi amsa biyu a gemu ɗaya, e a kuncin dama, a'a a na hagu. Na bar ƙanena ya sha wahala iya shanta, sannan na ce ko zai gwada tambayar bayan ya kwance wa mutum ƙyalle. Ya kalle ni, ya kalli askar, ya ce ai ya yi tunanin haka tun farko.

To a nan gaskiya ta fara fitowa, ba ta kuma zo masa da daɗi ba. Direba ya dawo ya ce shi ramukan hanya suka zaɓar masa. Mahauci ya ce ya ɗauka wasan kwaikwayo ne na rediyo, har ya yi ta jiran kashi na biyu. Mai wanki ya ce abin da matarsa ta ce shi ya dangwala, kamar kowane zaɓe. Wani malamin makaranta ya ce ya je ya ga layi ya yi tsawo, ya koma gida. Wani dattijo kuma ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Kada ka damu, ɗana. Ni da ka fara magana barci ke ɗauke ni, shi ya sa nake son shagonka."

Ya ɗauki tambayar har gida. Maiɗakinsa tana ninke kaya ta ce ita Mai Tabarau ta zaɓa.

"Bayan kin ji saƙon?"

"Saboda na ji shi a wurinka. Shekara nawa muna tare? In ka ce za a yi ruwa, ai wanki nake fitarwa."

Ƙanena ya samu abin da yake nema, bai juya ƙuri'ar kowa ba. Amma ya yi kwanaki yana aski shiru. Shagon ya zama kamar ɗakin jiran likita, har mutane suna tambayata ko ba shi da lafiya. Da ƙyar ya ce mini, "Yaya, ashe duk shekarun nan da bango nake magana."

Na ce ya je dai ya kai wa Tela sakamakon, tun kwalaye ba su fita ba. Na bi shi a baya.

Muka tarar da Tela a durƙushe yana jera zare a kwali, kowane launi da layinsa. An cire hoton da ke saman keke, sai tabon wurin a bango.

"Mai allura, na yi bincike."

Tela ya ci gaba da jera zarensa.

"Na tambayi kowa. Ba mutum ɗaya da ya canja ƙuri'arsa saboda ni. Ko matata. Ba wanda ke saurarena a garin nan, ka ji daɗi. Sai ka sauke kayanka."

Tela bai ɗago ba. Ya ce, "Ba ka tambayi kowa ba."

"Wa ya rage?"

Tela ya juya wani zare a hannunsa, ya ajiye, ya sake ɗauka.

"Bangon nan katako ne. Safe da yamma ina jin mutumin nan yana cewa zai rushe mini shago. Har da gyaran muryarsa. Na shiga rumfar zaɓe da niyyata, na tsaya, na tuna keken nan a tsakiyar titi. Sai yatsana ya tafi wurin Dogo."

Na zaci ƙanena zai yi jimami. Fuskarsa sai ta washe kamar an yi masa albishir.

"Kai? Kai ka yarda da ni?"

"Kada ka kuskura ka yi murmushi."

"Ba murmushi nake ba. Yaya, ka ji? Duk garin nan mutum ɗaya ne ya taɓa gaskata ni, kuma Mai allura ne!"

"Sau ɗaya! Sau ɗaya tak, kuma ka ga inda ta kai ni. Kullum in na ji muryarka ta bangon nan sai in tuna abin da na yi wa mutumin da na bi shekara da shekaru. Shi ya sa zan tafi inda ba zan ji ka ba."

An-ce ya ja wani kwali ya zauna a kai, kwalin ya lotsa. Murnar ta sauka daga fuskarsa a hankali.

"Ni ma fa cuta ta aka yi," in ji shi. "Wasu can da ba su san sunan layinmu ba, suka zauna suka nemo abin da ni da kai muka fi tsoro. In ka tashi, sun rushe shagon ke nan ba tare da sun kawo ko guduma ba."

Tela ya ajiye zaren da ke hannunsa.

"Ga shawara," in ji An-ce. "Daga yau duk saƙon da ya shigo, kai zan fara kawo wa ka tantance kafin in sa a lasifika."

"Ni? Ni da na fi kowa zurmawa?" Tela ya yi tsaki. "Ka kai wa maiɗakinka. Duk abin da ta ce, shi ne."

"To na ji. Amma wannan kan naka fa? Yara sun fara tsoron wucewa ta nan."

"Kai ya shafa?"

"Sunana yake ɓatawa. Kowa ya san ni ne maƙwabcinka."

Shari'ar zaɓen tana can kotu har yanzu, masana kuma ba su gama musunsu ba. Ni ban san abin da ya faru a sauran garuruwa ba. A layinmu dai ƙuri'a ɗaya ce ta sauya, kuma mai ita ya ce in rubuta, wai gara a ji ta bakina da a ji ta lasifika.

A ranar, Tela bai ce ya fasa tashi ba. Cewa kawai ya yi tunda An-ce ya lotsa masa kwali, sai shi An-ce ɗin ya ɗauke ɗayan daga bakin ƙofa ya mayar ciki kada a yi tuntuɓe. Ƙanena ya sungumi kwalin da ƙarfinsa, gindin ya ɓalle, zare ya watse ya gangara titi, ja da kore da shuɗi, wani har ƙarƙashin wata mota da ke tsaye. Tsofaffin biyu suka bi su a guje suna tsinta, Tela yana riƙe da hularsa da hannu ɗaya yana ihu, "Ba nan ba! Baƙi da baƙi, shuɗi da shuɗi! A kan kantar shago za ka jera su, ba a kwali ba!"